Tsakuwa a Sama, Laka a Ƙasa: Gonakin Gindin Duwatsun Mandara

Sharhinmu na yau a kan ƙasar noma yake, wata irin ƙasa mai kyan ɗan maciji, wadda ta sha yaudarar manoma da magina, har ma da jami'an da ke rabon filaye.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Bama, ta ratsa Pulka da Gwoza, ta nufi Madagali da Michika har Mubi, ya san yadda duwatsun Mandara ke raka matafiyi ta hannun hagu. Duwatsun nan sun miƙe kusan kilomita 200 a kan iyakar Najeriya da Kamaru, kuma ta ɗaya gefen nasu ne ake samun Mora da Marwa. A gindinsu akwai wata gangara mai sauƙi, wadda ido bai cika lura da ita ba sai in ruwa yana gudu. Dubban iyalai a kan wannan gangara suke noma, a kanta suke gini.

Ruwa ne ya gina ta. Idan aka yi ruwan sama a kan dutse, sai ya taru a kwazazzabo ya gangaro da ƙarfi, ɗauke da duwatsu da tsakuwa da yashi da laka. Yana fitowa fili sai ƙarfinsa ya karye, ya rarrabu, ya fara sauke kaya: manyan duwatsu tun a bakin kwazazzabo, tsakuwa da yashi gaba kaɗan, laka kuwa sai can nesa. Bana ya bi nan, baɗi abin da ya zubar ya toshe masa hanya, ya kauce ya bi can. A shekaru dubbai sai aka sami shimfiɗar ƙasa mai siffar mafici, ƙunci a sama, faɗi a ƙasa. Kuma saboda yawan kaucewar nan, kayan ba su jeru bisa tsari ba. Wani wuri laka ce a kan tsakuwa, wani wuri tsakuwa ce tsundum cikin laka.

Yawancin shimfiɗun nan tsofaffi ne, an zuba su a zamunnan da yanayi ya sha bamban da na yau. Shaidar sauyin yanayin tana nan kusa: tudun yashin nan da ya ratsa Maiduguri da Bama ya shiga Kamaru ta Limani, tsohuwar gaɓar Tafkin Chadi ce, lokacin da tafkin ya yi ƙasaita kimanin shekaru 7,000 da suka wuce. Daga baya rafukan da ke gangarowa daga duwatsun suka haƙa wa kansu hanya mai zurfi, suka bar tsohuwar shimfiɗa a sama, ba sa ƙara mata sabuwar ƙasa. Daga nan tsufa ya kama aikinsa. Ɓarɓashin dutse ya riƙa ruɓewa yana komawa laka, ruwan kowace damina kuma yana wanke lakar daga sama yana tura ta ƙasa, tana taruwa a zurfin taƙi ɗaya ko biyu. Sama ta rage yashi da tsakuwa, gwanin sha'awa. Ƙarƙashi kuwa ya zama danƙararren yumɓu.

Nan yaudarar take. Kowa ya san tsakuwa da barin ruwa ya wuce, shi ya sa ake zuba ta a ƙofar gida da damina. Amma ba tsakuwar ce ke tsotse ruwan ba, 'yan kafofin da ke tsakaninta ne ke ba shi hanya. Ƙwayar tsakuwa ta haura milimita 2, ƙwayar laka kuwa ba ta kai kashi 2 cikin 1,000 na milimita ɗaya ba. Idan laka ta cike kafofin nan, to ruwa ba shi da mafita sai ta cikin lakar, ita kuwa ba ta sauri, balle in ta jiƙa ta kumbura. Sannan ga wata asarar: dutse ba ya riƙe danshi. Tukunyar da aka cika rabinta da duwatsu, rabin ruwa za ta ci. Saboda haka a watan Agusta ruwa na kwanciya a kan yumɓun yana shaƙe saiwa, ruwan sama na ɗaukewa kuma gonar ta riga maƙwabtanta bushewa, tun hatsi bai gama cika ido ba. Gaba kura, baya sayaki.

Mai son gane irin wannan ƙasa ba sai ya je ɗakin gwaji ba. Ya haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, ya tsuguna ya dubi bangonsa. Ƙasar da ke shan iska ja ce ko ruwan ƙasa, launinta ɗaya. Wadda ruwa ke kwana a cikinta kuwa toka-toka ce, da ɗigo-ɗigon tsatsa, don ƙarfen da ke cikinta yana narkewa in babu iska, ya sake daskarewa in ta bushe. Sau da yawa za a ga 'yan baƙaƙen ƙwallaye masu tauri, wani lokaci da fararen dunƙulen farar ƙasa a can ƙasa. A duba saiwar ciyawa: in ta gangaro ta iso wani layi sai ta lanƙwashe ta yi gefe, to nan yumɓun ya fara. A ɗebo shi a jiƙa a murza tsakanin tafin hannu, zai yi igiya ba tare da ya tsinke ba, tsakuwa na sukar hannu. Daga ƙarshe a juye bokitin ruwa a ramin da yamma, a dawo da safe. In an tarar da ruwan yana nan, magana ta ƙare.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne maganar taki. Manomi ya shuka masara, a tsakiyar damina ya ga ganye ya yi ɗorawa, sai ya ce yunwa ce. Ya ci bashi ya sayo buhun yuriya ya watsa. Alhali ba yunwa ke damun masarar ba, numfashi take nema, don saiwa ma iska take shaƙa, kuma masara ba ta jure kwanciyar ruwa ko na 'yan kwanaki. Takin kuma, a ƙasar da ruwa ya kore iska, ƙananan halittun cikinta suna juya sinadarinsa ya zama iska ya tashi. Kuɗi sun tafi, masara tana nan yadda take. Wannan ba laifin manomi ba ne shi kaɗai. An daɗe ana ba manoma shawara iri ɗaya, buhu kaza a kadada kaza, tamkar jigawa da fadama da gindin dutse duk ƙasa ɗaya ce. Malamin gonar da ya faɗi adadin buhu bai leƙa rami ba, ya yi rabin aiki ne.

Gyaɗa da wake ma ba sa son ƙafarsu cikin ruwa, ita gyaɗa kuma in ƙasa ta ƙame lokacin cira, rabinta a ciki ake bari. Dawa ta fi haƙuri. Inda ruwa ke taruwa sosai, shinkafa ce ta dace. Can ƙarshen gangara, inda tsakuwa ta ƙare baƙar laka mai tsagewa ta fara, manoman Borno da na kewayen Marwa sun daɗe da samun dabara: masakwa, wata irin dawa da ake dasawa bayan damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, ta rayu da danshin da laka ta adana, a girbe ta a Janairu ko Fabrairu. Sai dai kada wani ya ɗauka zai kwaso wannan dabara ya hau da ita inda tsakuwa ta yi yawa. Danshin wurin ba zai kai ta ba.

A tsakiyar gangara, maganin shi ne a ɗaga shuka sama da ruwa. Kunya mai tsayi, ko faffaɗan gado da lambatu a tsakani, a karkata su kaɗan yadda ruwa zai fice a hankali ba tare da ya ci ƙasa ba. Takin gargajiya da karan hatsi da aka bari a gona suna buɗe yumɓu fiye da kowane buhu. Tarakta kuwa, in ta shiga ƙasa tana jiƙe, sai ta danne ta ta ƙara mata tauri, garmar kuma tsakuwa ta cinye bakinta. In aka haɗa wannan da sare itatuwa da tattakin dabbobi, 'yar ƙasar saman ta wanke, abin da zai rage shi ne fako, wanda Fulanin arewacin Kamaru ke kira harde: fili tas, ko ciyawa ba ta fita, sau da yawa kuma akwai gishiri mai sa laka ta toshe. Shi fako akasin magani yake so. Ruwa ba ya shigarsa sam, don haka tare shi ake yi da ƙananan ganuwowi da ramukan taki har ya samu ya ratsa.

Mutanen kan dutse sun san darajar ƙasa. Da hannu suka jera duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa, kuma irin wannan aiki yana cikin abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya Sukur, da ke ƙaramar hukumar Madagali, cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Amma tun zamanin Turawa jama'a ke saukowa fili, rikicin Boko Haram kuma ya ƙarasa tarwatsa su. 'Yan ƙungiyar sun kama Gwoza a 2014, sojoji suka ƙwato ta a 2015, kuma da yawa daga waɗanda suka koma gida suna noma ne inda tsaro ya yarje musu, ba inda suka zaɓa ba.

Shi ya sa muke kira ga masu yanka filaye da masu gina wa 'yan gudun hijira gidaje. Filin da aka gani a watan Maris, busasshe mai tsakuwa, zai burge kowa. A wannan filin ne masai ke cika ya tumbatsa da damina, bango ya tsage saboda kumburi da ƙanƙancewar laka, hanya ta zama taɓo. A je a gan shi a Agusta, bayan ruwan kwana biyu, a haƙa rami kafin a sa hannu a takarda. Kuma tun da ruwan da aka kora daga gonar sama a gonar ƙasa yake sauka, lambatu ba aikin mutum ɗaya ba ne. Bulama da lawani su tara masu gonakin gangara ɗaya tun da bazara, a shata inda babban lambatu zai bi har ya faɗa rafi, kowa ya san ta inda zai haɗa nasa.