Furen Bushiya A Tukunya: Giwa A Garin Wani Zomo Ce

A birnin Shikago na ƙasar Amurka, ranar 13 ga watan Yuli na shekarar 1995, zafi ya kai digiri 41 a ma'aunin santigireti. A wannan birni kuma, ranar 30 ga watan Janairu na shekarar 2019, sanyi ya sauka har wajen digiri 30 ƙasa da sifiri. Duk wani tsiro da mutum ya ajiye a ƙofar gidansa a irin wannan wuri, tilas ne ya iya da waɗannan masifu biyu, in kuwa ba haka ba, to, kwanansa ya ƙare. A wannan mako filin namu zai duba wani fure ne da ya shahara da juriya a can, amma kuma duk da haka masu shi su ke yawan asararsa da zarar sun dasa shi a cikin tukunya.

Sunansa a wurin masana ilmin tsirrai Ekinesiya. Wani Bajamushe mai suna Konrad Moench ne ya raɗa masa wannan suna a shekarar 1794, ya kuwa samo shi ne daga kalmar Girkanci mai ma'anar bushiya, domin tsakiyar furen wani dunƙule ne mai ƙayoyi kamar bayan bushiya. Su kuwa Amurkawa siffar dunƙulen suka duba, wanda ya ke da tsini kamar kan malafa, ganyayen furen kuma masu launin shunayya-shunayya suka rataya a gefensa suna kallon ƙasa. Tsayin tsiron ya kan kai mita ɗaya ko fiye, yana kuma fure tun daga watan Yuni har wajen Satumba, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ba su rabuwa da shi.

Asalinsa ɗan daji ne, daga filayen ciyawa da bakin kurmi na tsakiya da gabashin Amurka. Mutanen ƙasar na asali, waɗanda Turawa suka tarar, sun daɗe suna magani da saiwar wani jinsinsa, musamman ga ciwon haƙori da ciwon maƙogwaro da saran maciji. Har ma a shekarar 1805 matafiyan nan biyu, Lewis da Clark, suka aika wa Shugaba Thomas Jefferson da saiwarsa daga arewacin ƙasar. A can daji babu mai yi masa ban-ruwa, babu mai lulluɓe shi, fari ya zo ya wuce, ƙanƙara ta zo ta wuce, shekara ta kewayo ya sake tohowa. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka tana da wata taswira da ta fara bugawa a 1960, ta kuma sabunta ta a 2023, wadda ta kasa ƙasar shiyya-shiyya bisa ga tsananin sanyin kowane wuri. A bisa wannan kasafi, furen bushiya yana rayuwa har a shiyya ta 3, inda sanyi kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri.

To, abin tambaya a nan shi ne, ta yaya tsiron da ya jure wa irin wannan sanyi zai mutu a barandar wani gida a Shikago, inda sanyin bai kai haka ba? Amsar ita ce, ƙarfin nan nasa ba nasa ba ne shi kaɗai, rabinsa na ƙasa ne. Ƙasa bargo ce. Komai zafin rana, in aka tona rami kamu ɗaya za a tarar da sanyi-sanyi, komai tsananin sanyi kuma, saiwar da ke binne, dusar ƙanƙara ta rufe ta, ba ta jin abin da iska ke ji a sama. Amma ita tukunya iska na bugunta ta kowane gefe, har ta ƙarƙashi. Abin da ya raba saiwar da rana ko ƙanƙara bai wuce kaurin bangon tukunyar ba. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Saboda haka wanda ya ɗauke tsiro daga ƙasa ya sa a tukunya, ya ɗaukar wa kansa aikin da ƙasa ke yi, kuma hankalinsa ya kamata ya koma kan saiwa, ba kan furen da ke ba shi sha'awa ba.

Aikin yana farawa ne tun daga zaɓe. Jinsin furen bushiya sun kai tara, amma ba kowanne ne ya dace da tukunya ba. Wanda mutanen ƙasar na asali suka daɗe suna magani da shi yana da doguwar saiwa guda mai nutsawa ƙasa kamar ta karas, wadda tukunya kan takura. Wanda ake kira purpurea kuwa saiwoyinsa ƙanana ne masu yawa, suna bazuwa, don haka shi ya fi haƙuri da zaman tukunya. Daga cikinsa ne aka fitar da irin da ake kira Magnus, wanda ƙungiyar masu renon tsirrai masu daɗewa ta Amurka ta zaɓa gwarzon shekarar 1998. Tukunyar kuma kada fāɗin bakinta ya gaza santimita 35 ko 40, zurfinta ma haka, domin gwargwadon yawan ƙasar da ke ciki, gwargwadon jinkirin da za ta yi kafin ta ɗauki zafi ko ta daskare. Lalle ne a huda ƙasanta. Ƙasar da za a zuba ta zama sakayau, mai haɗe da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi mai gwari, ban da laka. Akwai masu zuba tsakuwa a gindin tukunya da nufin ruwa ya riƙa tsanewa, alhali kuwa abin da haka ke jawowa shi ne ruwan ya tsaya a saman tsakuwar, ya ƙara kusantar saiwa.

Idan zafi ya kama, tsiron yana bukatar rana ta sa'o'i shida ko fiye a kowace rana, in ya rasa sai ya miƙe siriri ya riƙa faɗuwa, furensa ya ragu. Amma fa ganye ne ke son ranar, saiwa ba ta so. Baƙar tukunyar roba da aka ajiye a kan siminti, gefenta da ke fuskantar yamma ya kan ɗauki zafin da ya haura digiri 45, saiwoyin da ke jingine da wannan gefe kuwa sai su ƙone. Mai tukunya ya ga ganye ya yanƙwane da la'asar, sai ya ɗauka ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, alhali saiwar da za ta sha ruwan ta riga ta mutu. Maganin wannan ba mai tsada ba ne. A zaɓi tukunya mai farin launi, ko a zura ta cikin wata wadda ta fi ta girma domin iska ta tsaya a tsakani, ko kuma a jera waɗansu tukwane su yi mata inuwa ta yamma. A ɗaga ta daga kan siminti da bulo biyu, a kuma rufe saman ƙasar da ɓawon itace ko busasshen ganye, amma kada ya taɓa gindin tsiron. Tukunyar yumɓu tana da nata amfani a wannan lokaci, domin tana gumi, iska na busar da gumin tana sanyaya ta, daidai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. Illarta kurum ita ce ƙasar cikinta ta kan bushe da wuri.

Game da ban-ruwa kuwa, an san furen bushiya da jure fari, amma wannan suna a daji ya samo shi. A tukunya, a tsakiyar watan Yuli, ya kan bukaci ruwa kullum ko bayan kwana biyu. Ka'idar ba ta kalanda ba ce, ta yatsa ce: mutum ya tsoma yatsansa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in ya ji bushewa ya zuba ruwa da sassafe, a gindi ba a kan ganye ba, har sai ya ga yana fita ta hudar ƙasa. In ya ji danshi ya ƙyale. Taki kaɗan ya isa a farkon tohuwa, domin yawansa ganye ya ke kawowa ba fure ba, kuma daga ƙarshen Yuli a daina sa shi gaba ɗaya, don kada tsiron ya fitar da sabon toho mai taushi wanda sanyi zai tarar. Furen da ya tsufa a yanke shi domin wani ya fito. Akwai kuma wata cuta da wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, wadda ke mai da furen kore, ya fito a karkace da ƙananan ganyaye a tsakiyarsa. Wannan ba ta da magani, sai a tumɓuke tsiron a jefar, kada ya shafa wa na kusa.

Daga watan Satumba sai a daina yankan fure, a bar kawunan su bushe a kan kara. Wani ɗan tsuntsu ruwan ɗorawa da ke ƙasar yana matuƙar son 'ya'yan, ya kan sauka a kai yana tsinta har cikin sanyi. A wannan lokaci ganye zai yi baƙi ya zube, wanda bai sani ba sai ya ce tsiron ya mutu. Barci ya shiga, rai yana nan a gindi da saiwa, kuma yana bukatar wannan barci na sanyi kafin ya sake yin fure da ƙarfi. Don haka wanda tausayi ya sa ya shigar da tukunyar cikin ɗaki mai ɗumi, cutarsa ya yi, domin zai farka ba lokacinsa ba, ya fitar da toho fari mara ƙarfi, ya cinye guzurin da ya tara.

Abubuwa uku ne ke kashe shi a lokacin sanyi. Na farko shi ne sanyin kansa, wanda ke ratsa tukunya ya daskarar da ita har tsakiya. Saboda haka ne masu lambu a can su ke da wata ka'ida, cewa tsiron da zai kwana waje a tukunya ya zama mai jure sanyin shiyya biyu fiye da inda mai shi ya ke. Na biyu shi ne narkewa da sake daskarewa. Rana ta fito ta ɗumama gefen tukunyar, ƙanƙara ta narke, dare ya yi ta sake ƙullewa, haka kullum har ƙananan saiwoyi su tsintsinke. Na uku, wanda ya fi sauran kisa, shi ne ruwa. In hudar tukunya ta toshe da ƙanƙara, ruwan sama ko narkakkiyar dusa ya taru a kai, gindin tsiron ya kwana cikin jiƙa, sai ya ruɓe. Ruwa kuma idan ya daskare ya kan ƙara girma da wajen kashi tara cikin ɗari, shi ya sa tukunyar yumɓun nan da ta yi amfani a lokacin zafi, ita ce ta farkon tsagewa a lokacin sanyi.

Hanyoyin tsira su ma uku ne, kowa ya ɗauki wadda ta dace da halinsa. Mai ɗan fili a bayan gida ya tona rami ya binne tukunyar har baki kafin ƙasa ta daskare, ya rufe da busasshen ganye, watau ya mayar wa ƙasa aikinta. Mai gareji ko rumfar ajiya wadda ba a ɗumamawa ya kai ta can bayan ganye ya zube, duhu ba ya cutar da ita tun da babu ganye, sai dai ya riƙa duba ta wata-wata, ya ɗan yayyafa ruwa in ƙasar ta bushe ƙayau kuma ba a daskare ta ke ba. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai baranda, ya tara tukwanensa wuri ɗaya a jikin bangon da rana ba ta bugawa, manya a waje ƙanana a tsakiya, ya naɗe su da buhun algarara, ya cusa ciyawa ko ganye a tsakaninsu, ya cire duk wani faranti da ke ƙarƙashinsu. Dusar ƙanƙara in ta zubo a bar ta, ita ma bargo ce.

Saura haƙuri. Furen bushiya ba ya gaggawar farkawa, waɗansu tsirrai su kan riga shi tohowa da makonni. Tukwane nawa ne aka juye a juji cikin watan Afrilu, alhali da an jira zuwa Mayu da an ga jajayen toho na leƙowa daga gindi? Idan sanyi ya fara sauƙi sai a janye lulluɓin sannu a hankali, a yanke busasshen karan bara, a fito da tukunyar inuwa kwana kaɗan kafin a kai ta rana. Bayan shekara uku ko huɗu saiwa za ta cika tukunyar, sai a zazzage tsiron a raba shi biyu ko uku da wuƙa mai kaifi, a sake masa sabuwar ƙasa, mutum ya sami abin ba maƙwabci.

Mai karatu da ke Kano ko Sakkwato ba shi da damuwar ƙanƙara, amma rabin wannan darasi nasa ne. Duk shukar da ya ajiye a tukunya ko gwangwani a kan dakali cikin watan Afrilu, abin da ke samun saiwar furen bushiya a Shikago cikin Yuli shi ke samun tata. Kafin ya ɗauko butar ruwa, ya fara taɓa bangon tukunyar da tafin hannunsa. In ya ji zafin ya hana shi barin hannun a wurin, to, inuwa tukunyar ke nema, ba ruwa ba.