RA'AYI: Icce Tun Yana Ɗanye... To, Amma Yaya Ake Tanƙwara Shi?



Babu wanda bai taɓa jin karin maganar nan ba: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana faɗin ta a wajen asambuli, ana faɗin ta a gida, siniyoyi ma kan faɗe ta kafin su ɗaga bulala. Maganar gaskiya ce, sai dai ta faɗi lokacin tanƙwarawa ne kawai, ba ta faɗi yadda ake yi ba. A ganina, idan za mu riƙa kafa hujja da ita, ya kamata mu duba mutanen da tanƙwara icce ita ce sana'arsu.

A ƙasar Japan akwai fasahar da ake kira bonsai, ma'ana shuka a cikin kasko. Daga ƙasar Sin suka samo ta, inda ake kiranta penjing. Sukan raini itace a ƙaramin kasko, suna rage masa saiwa da rassa, har ya ɗauki kamar tsohuwar bishiyar daji alhali tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Bayan girgizar ƙasar da ta rusa Tokyo a 1923, wasu masu wannan sana'a sun ƙaura zuwa Omiya, suka kafa unguwa guda a 1925, kuma har yau ana zuwa kallonta. Akwai wani bonsai da aka fara raino a 1625, ya tsira daga bam ɗin da aka jefa a Hiroshima a 1945, sannan mai shi, Masaru Yamaki, ya ba Amurka kyautarsa a 1976. Yau ya kai shekara 400 yana raye. Hannun da ya iya raya icce tsawon haka ya cancanci a saurare shi.

Mu ɗauki itacen sida, wanda hotonsa yake a tutar Lebanon, kuma wani irinsa yake fitowa a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya. Rassan ƙaramin sida sama suke miƙewa, na tsoho kuwa shimfiɗewa suke yi gefe. Don haka mai bonsai yakan naɗa wa reshe waya ta jan ƙarfe ko ta alminiyom, ya saukar da shi. Aikin yana da ƙa'idoji.

Na farko, wayar takan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen. Siririya ba za ta riƙe ba, mai kauri sosai kuma za ta yi ɓarna. Kowane reshe da tasa wayar.

Na biyu, ana naɗa ta a karkace, kamar digiri 45, ta kwanta a jikin ɓawo ba tare da ta shaƙe shi ba. A ƙarƙashin ɓawon nan ne abincin itacen yake bi.

Na uku, sau ɗaya ake lanƙwasawa, a hankali, da yatsu biyu suna tallafe da reshen. Wanda ya kai shi gaba, ya dawo da shi baya, ya sake kai shi gaba, zai tsinka masa hanyar abinci, reshen ya bushe. Idan lanƙwasar babba ce, sai an fara naɗe wurin da jiƙaƙƙen zaren tukurwa don kada ya tsage.

Na huɗu, ba a sa wa itace mara lafiya waya, haka ma wanda aka sauya wa kasko kwanan nan. Sai ya farfaɗo tukuna.

Na biyar, kuma shi ne babba, ana cire wayar. Reshe yana ƙara kauri, waya ba ta ƙarawa. Idan aka manta da ita za ta nutse cikin ɓawo, ta bar tabon da zai yi shekaru. Sida yana da taurin kai, sau da yawa reshen yakan koma sama bayan an cire. Mai bonsai ba ya fushi, sai ya sa sabuwar waya ya sake jira.

Yanzu mu dawo makaranta. Idan siniya ya sa aji guda tsallen kwaɗo saboda laifin mutum ɗaya, ya sa wa kowane reshe waya iri ɗaya ke nan. Idan yau an hana abu, gobe an ƙyale, jibi an yi duka a kansa, wannan shi ne kai reshe gaba da baya. Idan yaro ya makara saboda sai da ya ɗebo ruwa ko ya yi jinyar mahaifiyarsa, aka hukunta shi ba a tambaye shi dalili ba, an sa wa mara lafiya waya. Idan kuma aka laƙaba wa ɗalibi sunan daƙiƙi tun yana aji ɗaya, ya bi shi har aji shida, an bar wayar ta nutse.

Wani zai ce, ai mutum ba icce ba ne, kuma yaran yanzu sai da tsanani. Haka ne, mutum ba icce ba ne. Shi bonsai ana so ya tsaya ƙarami ne har abada, mu kuwa ana so mu girma, har mu wuce waɗanda suka koyar da mu. Wannan ma ƙarin dalili ne na sassauta waya a kan kari. Ban kuma ce a bar horo ba. Reshen da ba a sa masa waya ba inda ya ga dama yake nufa, kuma mu ɗalibai mun san yadda aji yake zama idan babu doka. Zuwa a kan lokaci, tsafta da girmama malami wayoyi ne da muke bukata.

Shawarata guda uku ce. A rubuta dokokin makaranta da hukuncin kowace, a manna a wannan allo, kowa ya sani. A tambayi mai laifi dalilinsa kafin a hukunta shi. Sannan idan hukunci ya ƙare, ya ƙare, kada a ci gaba da yi wa yaro gori.

Ga ƙungiyar manoman makaranta kuma, ga ƙalubale. Sida itacen duwatsu masu sanyi ne, zafinmu zai yi masa yawa, amma tsamiya da ceɗiya suna yin bonsai. Ku dasa biyu ko uku a kasko, ku ba shugabannin ɗalibai su kula da su na zango ɗaya. Wanda ya taɓa karya reshe da hannunsa saboda gaggawa zai yi tunani kafin ya ɗaga wa ƙaninsa hannu.



Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida