Kusurwar Ɗalibin Injiniya: Ruwan Da Ke Tafiya A Ƙarƙashin Madatsa

Wannan makon zan fara da randar da ke tsakar gidanku. Kun lura bayanta kullum a jiƙe yake, alhali ba ta fashe ba? Ruwa ne ke bi ta ƙananan kafofin da ke jikin yumɓu yana tsattsafowa. To, abin da ke faruwa ga randa shi ke faruwa ga ƙasa. Tsakanin ƙwayoyin yashi ko laka akwai 'yan gurabe, kuma ruwa na ratsa su a hankali, daga inda yake da tudu zuwa inda yake da gangare.

Yanzu ku ɗauki madatsar ruwa irin ta Tiga a jihar Kano, wadda aka gina da tulin ƙasa. A gefe ɗaya ruwa ne maƙil, a ɗaya gefen kuma gonaki da garuruwa. Da na shiga jami'a na ɗauka aikin injiniya shi ne ya hana ko ɗigo wucewa. Ashe babu madatsar ƙasa da ruwa ba ya ratsa ta. Aikin injiniya shi ne ya san yawan ruwan da zai wuce, da hanyar da zai bi, da ƙarfin da zai fito da shi.

Wani injiniyan Faransa mai suna Henry Darcy ne ya aza harsashin wannan ilimi a 1856, a garin Dijon. Ya cika bututu da yashi, ya riƙa tura ruwa yana aunawa. Ya gano cewa idan aka ninka bambancin tsayin ruwa tsakanin mashiga da mafita, ruwan da ke wucewa ma sai ya ninka. Idan kuma aka ninka tsawon hanyar, sai ya ragu da rabi. Irin ƙasar ma na da tasiri: tsakuwa da yashi na sakin ruwa da sauri, laka kuwa sai ta riƙe shi.

Amma a ƙarƙashin madatsa ruwa ba ya tafiya a miƙe kamar cikin bututu. Nutsewa yake yi, ya kewaya, ya ɓullo ta gaba. Don haka muke zana abin da zan kira ragar kwarara, domin da ragar kamun kifi ta yi kama. Layuka iri biyu ne. Na farko suna nuna hanyar da ruwa ke bi. Na biyu suna haɗa wuraren da ƙarfin ruwan yake daidai, wato inda za a kafa siraran bututai ruwa ya hau zuwa tsayi ɗaya a cikinsu. Dole layukan su gitta juna a kusurwa mai digiri 90, kuma kowane gida ya yi kama da murabba'i. Ragata ta farko sai da na yi ta gogewa har takardar ta huje, malaminmu ya duba ya ce in sake.

Ga misalin lissafi. A ce bambancin tsayin ruwa mita 6 ne, ƙasar kuma yashi mai laushi ce da ke barin ruwa ya wuce da saurin mita 0.00001 a daƙiƙa. Ragar ta ba mu hanyoyin ruwa 4 da matakan raguwar ƙarfi 12. Sai mu ninka 0.00001 da 6, mu ninka da 4, mu raba da 12. Amsar ita ce lita 0.02 a daƙiƙa. Kamar ba komai ko? A kwana ɗaya lita 1,728 ke nan, kusan jarka 69 mai cin lita 25, kuma a ƙarƙashin mita ɗaya kacal na tsawon madatsar.

Asarar ruwan ba ita ce babbar damuwa ba. Inda gidajen ragar suka matse a mafita, nan ruwa ke fitowa da ƙarfi, har ya fara kwasar ƙwayoyin ƙasa. Da kaɗan-kaɗan rami ke ci baya ta cikin madatsa, kamar aikin gara a jikin azara. Haka ta faru ga madatsar Teton a jihar Idaho ta Amurka. Da safiyar 5 ga Yuni, 1976, aka ga ruwa mai laka yana fitowa daga jikinta. An kawo motocin ture ƙasa su toshe ramin, ramin ya haɗiye su. Kafin azahar madatsar ta ɓalle, mutum 11 suka rasu, kuma a cikawarta ta farko ke nan.

Shi ya sa injiniyoyi ke sa laka a tsakiyar madatsa, su kafa katanga cikin ƙasa don hanyar ruwa ta yi tsawo, sannan su shimfiɗa yashi da tsakuwa a mafita, ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. Ku da ke zaune kusa da madatsa ko ƙaramin dam na ƙauye, ku riƙe wannan: tsattsafo mai fitowa garau abin sa ido ne, amma idan ya koma mai laka ko yana ƙaruwa, ku bar wurin ku sanar da manya nan take.

Aikin wannan mako: ku yanke gindin robar ruwa biyu, ku ɗaure bakinsu da ƙyalle, ku kife su. Ku zuba yashi a ɗaya, laka a ɗaya, tsayi ɗaya. Ku zuba wa kowace kofin ruwa, ku duba agogo. Ku aiko mini da mintin da kowace ta ɗauka, tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.