Wankin ƙoda: kar a manta da zuciya

Jama'a, a kasuwannin Maraɗi, Damagaram da Tawa mun sha ganin ana karo-karo don kai ɗan'uwa wankin ƙoda, sau da yawa har asibitin Lamorde a Yamai. Da ya hau na'ura sai hankalin dangi ya kwanta. To, muna cewa da sauran aiki.

Ƙoda mai lafiya tana tace jini dare da rana. Na'ura kuwa, bisa ƙa'ida, sau 3 ne a mako, awa 4 kowane zama. Saboda haka ba ta iya fitar da dukan sinadarin fosfor da ke shiga jiki ta abinci. In ya yi yawa, sai ya haɗu da kalsiyom, sinadarin ƙashi, su daskare a hanyoyin jini da ƙofofin zuciya, kamar farin dattin nan da ke kama gindin butar shayi.

A wasu ƴan kaɗan, abin yakan dunƙule ya zama ƙullutu mai tauri a cikin zuciya. Likitocin Amurka ne suka ba shi suna a 1997. Ba kansa ba ce, amma in wani yanki ya ɓalle, jini zai iya kai shi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Sau da yawa ba ya nuna alama, sai hoton eko na zuciya ya gano shi, kuma cire shi sai da tiyata.

Don haka muna kira ga mahukunta: awon fosfor da kalsiyom a jini, da ekon zuciya lokaci-lokaci, su shiga cikin tsarin wankin ƙoda, a farashin da talaka zai iya. Kashe maƙudan kuɗi kan na'ura a bar zuciya ba dubawa, gyaran gangar auzinawa ne.

Ku kuma iyayenmu mata masu girki, ku tambayi likita yawan nono, wake da gyaɗa da ya dace da majinyacinku. A rage lemun kwalba baƙi da naman gwangwani. Maganin rage fosfor, tare da abinci ake shan sa. Kada ranar kasuwa ta sa a tsallake ranar wanki. In an ga haki, suma ko nauyin baki, a garzaya asibiti.

Kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.