Ikkilisiya Ba Gonar Gado Ba Ce

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a garuruwanmu, wato mutum guda ya kafa majami'a, shi ne mai wa'azi, shi ne ma'aji, shi ne alƙali, in ya rasu kuma ɗansa ya gaje kujera. Shin daga ina aka samo wannan tsari? Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, don haka babu mai fakewa da rashin jin Turanci.

Mu duba Ayyukan Manzanni 14:23, inda Bulus da Barnaba suka naɗa dattawa, ba dattijo guda ba, a kowace ikkilisiya. A sura ta 6 kuwa, da gunaguni ya tashi kan rabon abincin gwauraye, jama'a ne suka zaɓi mutum 7, manzanni suka tsaya ga addu'a da wa'azi. Ashe tun asali an raba mai wa'azi da mai rabon dukiya. Sharuɗɗan 1 Timoti sura ta 3 sun hana mai son kuɗi da sabon tuba shugabanci. Ba su ambaci gado ba.

Masu kare wannan ɗabi'a kan ce wai tuhumar shafaffe zunubi ne. To, ai Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya. Lalle ne mabiya su nemi majalisar dattawa da lissafin baiko a fili, domin shirunsu shi ne takin da ke ciyar da ɓarnar.