Duniya Makaranta: Jirgin da Ya Tsere wa Ƙararsa

A wannan wata bari mu ɗaga kai sama kaɗan.

Daga Kazaure zuwa Kano mota takan yi fiye da sa'a guda. To, an taɓa yin wani jirgin sama mai suna Concorde wanda tafiyar nan ba za ta ɗauke shi minti uku ba. Ingila da Faransa ne suka haɗa kai suka ƙera shi, ya fara tashi ran 2 ga Maris, 1969. Gudunsa ya ninka na sauti sau biyu, watau fiye da kilomita 2,000 a sa'a. Sai ya wuce tukuna ƙararsa ta biyo baya. Saboda zafin gogar iska jikinsa yakan ƙara tsawo kamar taƙi guda, in ya sauka ya huce kuma ya koma yadda yake.

Mu mutanen Afirka ta Yamma muna da rabo cikin labarinsa. Ran 21 ga Janairu, 1976, da ya fara ɗaukar fasinja daga Faris zuwa Birazil, a Dakar ta Senegal ya yada zango ya sha mai. A Dakar ɗin nan ne kuma, cikin 1977, ɗaya daga cikin jiragen ya bugi ƙasa da ƙarfi wajen sauka, wutsiyarsa ta ji ciwo. Aka gyara shi, amma da aka rufe hanyar Birazil a 1982 sai aka jingine shi a fili, ana ciccire kayansa ana sa wa 'yan'uwansa. Duk manomin da ya taɓa barin garmarsa a waje damina guda ya san sauran zancen. Tsatsa ta cinye shi, a 1994 aka farfasa shi. Ni dai abin ya ba ni tausayi.

Guda 20 kaɗai aka ƙera. Ɗaya ya faɗi kusa da Faris a shekara ta 2000, mutum 113 suka rasu. Ga shan mai, ga kujeru 100 kacal, sai aka dakatar da su duka a 2003.

Sauran 18 kuwa suna nan, yawancinsu a gidajen tarihi. Wanda aka kai Sikotlan, sai da aka cire masa fikafikai aka ɗora shi a jirgin ruwa, kamar ba shi ne mai tsere wa sauti ba. Na birnin Biristol, wanda ya yi tashin ƙarshe ran 26 ga Nuwamba, 2003, ya shekara 13 yana shan ruwa da sanyi a waje kafin a tara kuɗin gina masa rumfa. A 2017 aka ja shi ciki, yanzu 'yan makaranta suna shiga suna kallon kujerunsa.