Zuwa ga masu haƙar rijiya na Tasawa da Mayahi

Magana ɗaya ke tafe da ni: bangon da ya tsaya jiya bai yi muku alkawarin tsayawa yau ba. Kun fi ni sanin ƙasar Gulbin Kaba hawa-hawa take. Jigawa a sama, can a ci karo da laka mai tauri har diga na tsalle, ƙarƙashinta kuma rairayin da ko an matse shi a tafi ba ya dunƙuluwa. Na ƙasan nan ne macuci. Yana tsiyayowa kaɗan-kaɗan har ya bar kogo, lakar ta rasa mazauni, ta rufto gaba ɗaya. Haka dusar ƙanƙara ke zaftarewa a tsaunukan Suwizalan, ɓawo mai tauri a kan shimfiɗa mai rauni, shi ya sa masu ratsa su da hunturu kan tona rami su duba kowane hawa. Likitocinsu sun lura cewa cikin mutum 10 da dusar ƙanƙara ta binne aka tono su a minti 15 na farko, 9 kan rayu. In an haura rabin awa, yawanci gawa ake fiddawa. To dusar ƙanƙara ke nan. Rairayi mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi ya kai nauyin buhun siminti 30, kuma a gindin rijiya mai gaba ashirin, mutum ɗaya ne kawai ke samun wurin tono.

Za ku ce siminti ya yi tsada, mai aiki kuma ruwa yake son gani. Haka ne, amma rijiyar da ta rufta ta cinye kuɗin haƙa duka, galibi a koma gefe a sake sabuwa. Za ku ce ajali ne. Ajali gaskiya ne, sai dai ban san gwanin da ke sauka da ruɓaɓɓiyar igiya yana cewa ajali ba. Bango ma abin dubawa ne kamar igiya. Ba rijiya kaɗai ke ruftawa ba: ranar 7 ga Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman, ƙasar Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka rasu, a nan jihar Maraɗi.

Don Allah, da zarar rairayi ya fara zubo muku a wuya, ku fito. Ku ɗaure hawan da zoben siminti kafin a ƙara taƙi guda, a janye tulin ƙasa da amalanke daga baki, kuma bayan ruwan sama kada a tura yaro ƙasa sai babba ya duba bangon da idonsa.